Ɗakin Mama Wakesho

Tun da ciwon suga ya ci ƙafar Kache ta dama har likitoci suka yanke ta daga gwiwa, saukowa ƙasa ta zame mata doguwar tafiya. Suna zaune ne a hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Tudor, cikin Mombasa, irin ginin da aka yi babu lif, mai ƙuntatacciyar matakala da kwana-kwana, wadda ko katifa za a hau da ita sai an naɗe. Ranar ganin likita ce kawai ke fito da ita. A irin ranar, mijinta Ngumbao, wanda ake ce wa Mzee, wato dattijo, zai fita bakin titi ya samo ƙarti biyu cikin masu tura amalanke, su ɗora ta a kujerar roba su sauko da ita suna nishi, ita kuwa ta ja gefen zaninta ta rufe fuska har sai an dire ta. Ba zafin ciwo ke sa ta rufe fuskar ba. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da yara a firamare, yau ga ta ana cicciɓo ta kamar buhun gawayi, maƙwabta na leƙowa suna mata sannu.

Shi ma Ngumbao ba yaro ba ne. A tashar jiragen ruwa ya tsufa yana tuƙa injin ɗaga kaya, kuma ya yi suna a ƙungiyar ma'aikata, don duk rigimar da za a yi da manya shi ake turawa gaba. Dogo ne mai kaushin murya, bai iya roƙo ba ko kaɗan. Ko "don Allah" ya ce sai ka ji kamar umarni ne. Shi ke yi wa matarsa wanka, shi ke wanke mata dungulmin ƙafar ya shafa magani, in ya gama ya hau ta da faɗa don ta ƙi cin abinci. 'Yarsu ɗaya, Riziki, tana aure a Nakuru, sai dai waya.

A hawan ƙasa, bayan shagunan da ke kallon titi, akwai sashe biyu, kowanne ciki da falo. Ɗaya mai gidan ya garƙame shi ya cika da kwalayen tayil na sayarwa. Ɗayan kuwa Mama Wakesho ce a ciki, wata tsohuwa 'yar duwatsun Taita, wadda ta zo garin tana amarya tare da mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa. Mijin ya daɗe da rasuwa, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Kullum da safe takan kafa kaskonta a bakin ƙofa ta soya mahamri, wani irin fanke na mutanen bakin teku, ga tukunyar wake da madarar kwakwa a gefe, direbobin tuktuk, wato adaidaita sahu, da ma'aikata su yi layi. In rana ta ɗaga ta kwashe kayanta, sai ta ɗaure abin da ya rage a leda ta kama matakala. A kowane hawa sai ta tsaya ta dafa bango, don gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye.

"Wanda ya zana benen nan," takan ce tana haki in ta iso, "Allah ya ba shi ɗaki a hawa na goma a lahira, ya haɗa masa da gwiwa irin tawa."

"To wa ya aike ki?" in ji Ngumbao.

"Ba wurinka na zo ba, shemeji. Kai ko a tsakar gida kake kwance ba zan leƙo ka ba. Matsa min in wuce."

Shemeji take ce masa, mijin 'yar'uwa, don ita a wurinta Kache ƙanwa ce. Ita ke kawo wa Kache duniya har kan gado: wa ya yi faɗa da matarsa, 'yar wa aka gani a bayan babur, kifi ya yi tsada, limamin coci ya sake mota. Ta tsefe mata kai ta yi mata kitso, su yi ta dariya har Ngumbao ya tashi ya koma baranda da rediyonsa yana ƙunƙuni.

Wata rana da damina ana sauko da Kache, ruwa ya jiƙa matakalar, ƙafar ɗaya daga cikin masu ɗaukar ta zame. Ba su gangara duka ba, Allah ya kiyaye, amma dungulmin ya bugi gefen siminti, ɗinkin da ya warke ya buɗe. Sai da aka ba ta gado a asibiti. Da aka dawo da ita gida, bayan an kwantar da ita, ta dubi mijinta ta ce, "Baban Riziki, ni na gama sauka. In likita na son ganina ya hauro. In ba haka ba, a bar ni sai ranar da za a sauke ni gaba ɗaya."

Washegari Ngumbao ya sa rigarsa ta zuwa coci ya nufi shagon mai gidan a cikin gari. Feisal ne sunansa, ɗan marigayin da ya gina benen. Ngumbao ya san shi tun yana rarrafe. Feisal ya karɓe shi da girmamawa, ya sa aka kawo kofi, ya saurare shi har ƙarshe.

"Mzee, wallahi na tausaya wa Mama. Amma wurin nan ba fanko ba ne, kayana ne a ciki, kuma ba ni da inda zan kai su. Ina da wani gida a Kisauni, na ƙasa ne, ba hawa ko ɗaya. In kuna so ku koma can."

"Kisauni? Asibitinta yana nan, cocinmu yana nan, mutanenmu suna nan. Kai dai ka kwashe kwalaye ka kai Kisaunin, su ba su da likita."

Feisal ya yi dariya, ya ce zai duba. Haka ya yi ta dubawa har damina ta wuce.

A asibiti, wurin karɓar magani, Ngumbao ya haɗu da Moraa. Matashiya ce mai dogara sanda biyu, shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama, lauya ce kuma a wata ƙungiyar masu nakasa. Ta ji yana faɗa wa ma'aikaciyar jinya dalilin da ya sa mara lafiyar ba ta zo da kanta ba, sai ta biyo shi waje ta tambaye shi. Bayan kwana biyu ta zo gidan. Da sandunanta ta hau har hawa na huɗu, ta ƙi yarda kowa ya taimake ta, ta iso rigarta sharkaf da gumi.

"Mzee, kada in yi maka ƙarya," ta ce bayan ta huta. "Tsohon gini ne, da wuya a tilasta masa ya sa lif. Amma doka ba ta yarda a bar mutum a kulle a gidansa don ya rasa ƙafa ba. In akwai abin da mai gida zai iya yi ba tare da ya rushe ginin ba, za mu iya neman a sa shi ya yi. Wuri a ƙasa, da gangaren siminti a bakin ƙofa don keke ya wuce. Wannan ba sadaka ba ce, haƙƙinta ne."

Kalmar haƙƙi ta tayar wa Ngumbao da tsohon tsumi. Ya miƙe zaune sosai, idonsa ya kawo haske. Kache ta dube shi ta girgiza kai.

"Kin taso shi ke nan, 'yar nan. Yanzu sai Allah."

Suka shigar da ƙara gaban kwamitin da ke sauraron irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Abin da Ngumbao ya zata zai ƙare a zama ɗaya sai ya yi ta jan jiki. Yau lauyan Feisal ya yi tafiya, gobe ana jiran rahoton injiniya, jibi ana hutu. Duk ranar zama Mama Wakesho ce ke hawa ta wuni da Kache, shi kuma ya dawo da yamma fuska a murtuke.

"Yaya, shemeji, an ba mu ko an hana mu?"

"An ɗaga."

"To Allah ya sa dai ba sai mun mutu za a sauke ba. Ni na ƙagu ta dawo kusa da ni, in huta da wannan dutsen."

Ranar da aka yi zaman gaske, lauyan Feisal ya tashi ya ce wanda yake karewa mai tausayi ne, a shirye yake ya sa ƙarfen dafawa a matakalar. Ngumbao bai jira Moraa ba, ya miƙe.

"Ƙarfen dafawa? Wadda ba ta da ƙafa, da haƙori za ta kama shi? Ranki ya daɗe," ya juya ga shugabar zaman, "yaron nan da kike gani, ni na sha goge masa majina a matakalar nan. Ubansa mutum ne. Shi kuwa ya kwantar da tayil a ɗaki mai fanka, ya bar ɗan Adam a sama kamar shanya. In tayil ɗin ne suka haife shi, ya faɗa mana mu sani."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har magatakarda sai da ya sunkuyar da kai. Shugabar ta tsawatar, Moraa ta ja masa gefen riga. Feisal ya cire tabarau yana gogewa, kunnuwansa sun yi ja. Ngumbao ya zauna yana jin daɗi irin na da, lokacin da yake kunyata manajoji a gaban ma'aikata.

Bayan an ɗan tafi hutu, lauyan Feisal ya dawo ya ce sun amince a yi sulhu. Aka karanta abin da za a sa wa hannu: mai gida zai ba Kache da mijinta mazauni a hawan ƙasa na ginin kafin ƙarshen wata mai kamawa, kuma zai yi gangare a bakin ƙofa. Moraa ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Mzee, ba su faɗi wane sashe ba. Bari in nemi a rubuta cewa wanda aka zuba kaya ne."

Ta miƙe ta nema. Lauyan ya ce babu damuwa, sai dai wannan sabuwar magana ce, a ba su lokaci su yi shawara, a sa wata rana. Jin "wata rana" Ngumbao ya ji kansa ya yi zafi.

"Babu wata rana! Yau za a gama."

"Mzee, ka yi haƙuri, ɗagawa ɗaya ce. Hankalina bai kwanta ba."

"Ke 'yar nan, wuri nawa ne babu kowa a ƙasan? Ɗaya ne. Ko makaho ya san wanda ake nufi. Dabara ce kawai su ƙara ja mana rai. Matata ta rabu da ganin likita tun yaushe? Ba ni alƙalami."

Moraa ta ƙara gwadawa, ya ɗaga mata hannu. Ya sa hannu da ƙarfi har biron ya kusa huda takardar.

Ranar an yi murna a hawa na huɗu. Mama Wakesho ta dafa shinkafa da kaza ta sa aka hau mata da tukunyar, ta ɗaura zani a ƙugu ta ɗan taka rawa da gwiwoyin nata, Kache na tafi tana hawaye.

"Bango ɗaya zai raba mu," in ji Wakesho. "In na buga sau biyu, gulma ce. In na buga sau uku, gishiri nake so."

Bayan 'yan kwanaki sai ta daina hawowa. Da farko suka ce ko gwiwa ce. Da Ngumbao ya fita da safe kuma ya ga ba ta kafa kasko ba, direbobi na zuwa suna komawa, sai ya ƙwanƙwasa ƙofarta. Ya tarar da ita zaune a tabarma tana naɗe kwanuka da tsofaffin jaridu tana jerawa a buhu. Hotunan bango duk an sauke.

"Mama Wakesho, lafiya? Me ke nan?"

"Shigo, shemeji, ka yi hankali da kofuna."

"Tambayarki nake."

Ta ci gaba da naɗin, ba ta ɗago ba. "An ba ni notis. An ce hukuma ta ce a ba mai nakasa wuri a ƙasa, to wurin nan za a ba ta. Ni ka san ba wata yarjejeniya gare ni ba, da baki muka yi da uban yaron, wata-wata nake biya."

Ngumbao ya nemi wuri ya zauna a kan wani buhu, bai san ma mene ne a ciki ba.

"Ba nan muka nema ba. Wallahi ba nan ba ne. Wancan ne."

"Na sani mana. Ina ce ni na yi rawar?"

"Me ya hana ki faɗa mana?"

"In hau in ce mata me? Ta yi wata da watanni ba ta yi dariya irin ta ranar nan ba."

Daga nan shagon Feisal ya wuce, ko riga bai sake ba. Wannan karon ba a kawo kofi ba. Feisal ya bar shi a tsaye ya gama da mai sayen kaya tukuna.

"Mzee, abin da ka sa wa hannu shi nake cikawa. An ce wuri a ƙasa, ga wuri a ƙasa. Har magina na kira su yi gangaren."

"Ka san ba wannan muke nufi ba."

"Lauyarka ta so a rubuta abin da kuke nufi, kai ka hana."

Ngumbao ya haɗiye abin da ya taso masa. A tsawon rayuwarsa bai taɓa yin abin da ya yi a lokacin ba: ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ɗana, maganar da na faɗa a wurin nan, ban kyauta ba. Ka yafe ni. Ka hukunta ni ni kaɗai. Mun janye, za mu zauna a sama. Tsohuwar nan ba ta yi maka komai ba, ta goya ka ma."

Feisal ya dube shi, kamar zai yi laushi, sai kuma ya kau da kai.

"Har yau in na shiga masallaci ana ce min ɗan tayil. Yarana sun ji a makaranta." Ya ja numfashi. "Kuma ba a janyewa yanzu. In ban cika ba ni za a ci tara, gobe ka sake shawara ka maida ni gaban mutane. Ɗakinku na sama ma na riga na ba wani. Ku sauko ko kada ku sauko, notis ya fita."

Moraa da ta ji labari ba ta ce masa "na faɗa maka" ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi samun sauƙi. Ta zo da kanta wurin Mama Wakesho ta ce za a iya ƙalubalantar notis ɗin, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ita ma tana da abin da za ta tsaya a kai, ko ba komai za a ja lokaci.

"A ja lokaci, ƙanwata na can sama tana ruɓewa?" in ji Wakesho. "Kuma in tsaya gaban hukuma ina jayayya a kan ɗaki, ni da ita? A'a, 'yata. Ban taɓa shiga kotu ba, ba zan fara da furfura ba. Ɗan ƙanena, Mwakio, ya daɗe yana cewa in koma gida Wundanyi. Ga dalili ya samu."

Faɗa wa Kache shi ne ya fi wa Ngumbao wuya. Ta saurare shi ba ta katse shi ba, da ya gama ta ce ita ba inda za ta, ko za a jefo ta ta taga. Sai da Wakesho ta hau da kanta, hawanta na ƙarshe, ta zauna a bakin gadon ta kama hannunta.

"Ke, ki saurare ni. Tafiya dai zan yi, ko kin shiga ko ba ki shiga ba. To ya fi min ke ki shiga da a sa wani ƙato ya riƙa buga min ƙusa a bango. Famfon banɗaki sai an murɗa shi baya kafin ya tsaya. Tagar ciki kada ki buɗe ta da yamma, sauro. Ki daina kukan nan, ki ba ni kanki in yi miki kitson da zai daɗe."

Ngumbao yana baranda yana jin su. Bai kunna rediyo ba.

Da safiyar wata Asabar Mwakio ya zo da a-kori-kura. Mutanen unguwa suka fito, direbobin tuktuk suka taya loda kaya. Kaskon suyar kuwa Mama Wakesho ta ba wata maƙwabciya, ta ce a can ba wanda zai sayi mahamrinta, kowa na da matarsa. Da za ta shiga mota ta ɗaga kai sama, Kache na jingine a taga, suka ɗaga wa juna hannu. Ngumbao ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Shemeji, ka riƙa sa mata man kwakwa a kai. Kai dai ba ka iya komai ba sai faɗa."

Aka yi fenti, aka zuba gangare, suka sauko. Kuma gaskiya rayuwar Kache ta sake. Ƙungiyar su Moraa ta samo mata keken guragu, ta koma ganin likita a kan lokaci, ta koma coci, har bakin ruwa yakan tura ta da la'asar su sha iska. Jikinta ya murmure. Sai dai ba ta taɓa kiran wurin gidansu ba. In Riziki ta yi waya sai ta ce, "Muna nan a ɗakin Mama Wakesho." Ba ta taɓa ɗora masa laifi da baki ba, shi kuwa kullum jira yake ta yi.

Ba a rufa shekara ba Feisal ya samu babban sito a wajen gari, ya kwashe tayil ɗinsa, ya ba wani mai kemis hayar wancan sashen. Ngumbao na zaune a ƙofa aka yi ta fito da kwalayen ana lodawa a mota, cikin rabin wuni aka gama. Ya tashi ya shiga ciki, ranar bai ci abincin rana ba.

A makon ne ya ce zai je Wundanyi. Kache ta haɗa masa ƙullin busasshen kifi da kwakwa da garin kofi ta ce ya kai mata. Ya hau bas zuwa Voi, daga nan ƙaramar mota ta yi ta nausawa da su cikin duwatsu, sannan ɗan acaɓa ya kai shi inda hanya ta ƙare, ya nuna masa wani rufin kwano can sama tsakanin ayaba. Sauran a ƙafa ya hau, yana tsayawa yana hutawa, sanyi na ratsa rigarsa ta mutanen bakin teku.

A ɗakin girki ya same ta, kusa da murhu, sanye da rigar sanyi ta maza, tana ɓarar wake. Ta rame, ta yi ƙanƙanta. Ta ƙura masa ido kafin ta gane shi.

"Shemeji! Kai ne ka hauro nan? Lallai duniya ta zo ƙarshe. Yaya ƙanwata?"

Ya ba ta labari, ya miƙa mata saƙo. Ta shinshina kifin ta lumshe ido. Matar Mwakio ta kawo shayi ta gaishe shi da ladabi ta fita. Ya tambaye ta ko tana zuwa kasuwa, ta ce tun da aka hauro da ita ba ta sauka ba, gwiwa ba za ta iya gangaren ba, coci ma sai dai ta ji ƙararrawa. Suna kula da ita, ba ta rasa ci ba ta rasa sha ba. Sai dai yaran gidan ba su san ta ba, sa'o'inta kuma duk sun mutu tana can birni.

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa.

"Mama Wakesho, laifina ne. An ce in jira, na ƙi. Kuma bakina ne ya ja."

"Naka ne mana," ta ce. "Da na wa ne? Bakin nan naka tun muna da sauran ƙarfi nake faɗa maka." Ta watsa ɓawon wake a wuta. "Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Watannin farko in na tuna ka har abinci ba na iya ci. To amma don wa ka yi? Ba don giya ka yi ba, ba don wata mace ba. Sha shayinka kafin ya huce, nan komai da wuri yake hucewa."

Ya yi niyyar faɗa mata an kwashe tayil, sai ya ga ba abin da zai ƙara mata sai ciwo, ya fasa. Ya ce in aka samu ɗaki a unguwar, ko za ta dawo? Su za su kama mata. Ta yi 'yar dariya ta ce ya bar zancen, an riga an nuna mata inda za a sa ta, kusa da mahaifiyarta.

A hanyar dawowa ya shirya abin da zai faɗa wa Kache: ta yi ƙiba, iska mai kyau, jikoki na kewaye da ita. Ya iso da la'asar ya same ta a kekenta a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta bar shi ya zauna ya sha ruwa, sannan ta dube shi.

"Yaya ka same ta?"

Ya duba fuskarta, abin da ya shirya ya ƙi fita. Ya faɗa mata yadda ya gani, ramar, da murhun, da hanyar da ba ta saukuwa. Kache ta ajiye farantin a cinya.

"Tana da bargo mai kauri?"

"Ban duba ba."

"Ka je har can ba ka duba ba." Ta goge ido da bayan hannu. "Gobe ka tura ni kasuwa, ni zan zaɓa da kaina. Kai in aka bar ka, wanda zai yi mata ƙaiƙayi za ka sayo."